Kocin da Ya Rarrafa a Kan Ƙanƙara

Akwai wani ɗan wasan hoki, wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara, a ƙungiyar garinmu, nan arewacin Manitoba, mai suna Darcy Halldorson. Ɗan baya ne, ƙato, shekararsa talatin da uku. 'Yan kallo Tirela suke ce masa, don in ya taho a guje a kan ƙanƙara, duk wanda ya tsaya a gabansa sai dai a kwashe shi.

Shekarata goma sha ɗaya ina yagar tikiti a ƙofar filin nan. Labarin da zan ba ku na kakar wasan bara, mafi yawansa a idona aka yi. Sauran daga bakin masu abin na ji.

Amma sai mun ɗan koma baya.

Shekara shida kafin nan, wata ƙungiya ta zo mana wasa da wani ɗan gaba mai suna Marcel Lavallee. Shekararsa ashirin da shida, kuma an riga an kira shi zuwa babbar gasa, saura mako biyu ya tafi. Alƙali ya busa usur, wasa ya tsaya, Marcel ya juya zai koma benci. Darcy ya taho ta bayansa ya make shi da katangar fili. Kansa ne ya fara isa.

Ƙashin wuyansa ya karye wuri biyu. Likitoci suka haɗa shi da ƙarfe. Ya tashi, ya yi tafiya, amma wasa ya ƙare masa har abada.

An dakatar da Darcy wasa goma sha biyu. Bai je asibiti ba, bai kira waya ba. Da 'yan jarida suka tambaye shi ko yana nadama, sai ya yi dariya ya ce, "Wannan wasan maza ne. Wanda wuyansa na ƙwai ne ya zauna gida ya kalla a talabijin."

Kuma ba zan ɓoye muku ba, mu mutanen garin mun yi masa tafi.

To, kakar bara ta zo mana da baƙin jini. Kafin Disamba an ci mu wasa goma sha ɗaya a jere. Filin da ke ɗaukar mutum dubu huɗu, da ƙyar nake yagar tikiti ɗari tara. Aka sallami koci.

Ranar Litinin da safe, 'yan wasa suna ɗaure takalma a ɗakin canza kaya, sai manajan ƙungiya, Mista Pruden, ya shigo da wani mutum a bayansa. Ya ce, "Samari, ga sabon kocinku."

Mutumin ya tsaya tsakiyar ɗaki. Da zai dubi na gefensa, bai juya kai ba. Gaba ɗaya jikinsa ya juya, tun daga ƙafa.

Golanmu, wanda shi ma yana fili ranar da abin ya faru, ya saki sandarsa ta faɗi ƙasa.

Marcel Lavallee ne.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Da ya iso kan Darcy ya miƙa masa hannu kamar kowa, ya ce, "Halldorson. Minti goma, kowa ya hau ƙanƙara." Ya wuce na gaba.

Darcy ya koma gida ya ce wa matarsa Colleen ta fara haɗa kaya. "Ba zan kai Juma'a a ƙungiyar nan ba. Mutumin nan ramuwa ta kawo shi."

Colleen ta ajiye cokalin da ke hannunta ta ce, "In kai ne shi, me za ka yi?"

"Da tun a bakin ƙofa zan kore ni."

"To ka gani."

Juma'a ta zo. Aka liƙa sunayen masu fara wasa, ga sunan Darcy a sahun farko. Mako na biyu ma haka. Na uku ma haka. Marcel yana yi masa gyara kamar yadda yake yi wa kowa, ba ƙari ba ragi. Ƙungiya ta fara cin wasa. Jama'a suka fara dawowa fili.

Da wani ne, da kunya ce za ta kama shi. Shi Darcy sai abin ya ƙara masa taurin kai. Gani yake tarko ne ake ɗana masa.

Wata rana bayan atisaye, ya miƙe a ɗakin canza kaya ya sandare wuyansa, yana juyawa kamar ƙofar gareji, yana kwaikwayon muryar koci. Mutum biyu suka yi dariya. Sauran suka sunkuyar da kai. Bai san dalili ba sai da ya waiwaya.

Marcel na tsaye a bakin ƙofa.

Ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya ce, "Ba haka ba ne. Dama tana ɗan juyawa, hagu ce ba ta motsi sam. In za ka kwaikwaya, ka yi daidai." Ya dubi sauran ya ce, "Mota ƙarfe bakwai gobe. Kada kowa ya makara." Ya fita.

Golanmu ya ce min bai taɓa ganin fuskar mutum ta yi ja haka ba.

Darcy ya bi shi har ofis, ya banka ƙofa. "Koci, me kake jira? Ka rama mana, kowa ya huta!"

Marcel bai ɗago daga takardunsa ba. "Ina da wasa ashirin da biyu a gabana, kuma kai ne ɗan bayan da ya fi kowa a ɗakin can. Ja min ƙofar in ka fita."

Haka aka tafi. Ƙungiyar da take ta ƙarshe a Disamba ta gama ta huɗu a Maris, ta shiga zagayen neman kambu. Muka fitar da ta farko da muka haɗu da ita. Garin ya rikice. Har a coci aka matso da lokacin addu'a saboda wasa.

Ranar Lahadi da rana, wasan kusa da na ƙarshe, fili ya cika har matakala. Ana kunnen doki, biyu da biyu, saura minti shida. Aka yi cincirindo a bakin ragarmu, mutum biyar suka zube kan juna. Wani ɗan wasan baƙi ya faɗi ƙafarsa a sama, kaifin takalminsa ya shiga cinyar Darcy ta ciki, inda babu kariya.

Kowa ya tashi ban da Darcy.

Da farko mun zaci rigar wani ce ja a ƙasa. Sai muka ga abin yana faɗaɗa. Jini ne, yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa. Wata mata kusa da ni ta rufe wa 'yarta ido. Mutum dubu huɗu, amma kana jin ƙarar fankar rufi.

'Yan wasa suka ja da baya, hannu a ka. Alƙali yana ta ɗaga hannu yana kiran agaji. Mai ba ƙungiya magani kuwa yana can ɗakin ciki yana ɗinke wa wani leɓe, bai ma san abin da ake ciki ba.

Sai na ga mutum sanye da kwat ya haura katangar benci.

Duk garin an san likitoci sun gargaɗi Marcel cewa faɗuwa ɗaya mai kyau za ta iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ko a atisaye ba ya taka ƙanƙara, daga benci yake magana. Ga shi yanzu da takalmin fata mai santsi, yana gudu.

Taku biyar ya yi, ƙafafunsa suka tashi sama. Ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi ƙanƙara. Ƙarar har inda nake tsaye. Matarsa Odile, da ke zaune bayan benci, ta ƙwalla ihu.

Ya ɗan jima a kwance bai motsa ba. Sannan ya mirgina, ya fara rarrafe.

Ya isa kan Darcy, ya cusa dunƙulen hannunsa na dama cikin raunin, ya danna da duk nauyinsa. Ya daka wa gola tsawa, "Zare min bel ɗina! Ɗaure nan, sama da hannuna! Ja! Na ce ka ja, ba shafa shi za ka yi ba!"

Darcy ya yi fari fat. Yana cewa, "Koci, sanyi nake ji."

"A kan ƙanƙara kake kwance, wawa, dole ka ji sanyi. Dube ni. Kada ka kuskura ka rufe idon nan."

Ko da masu motar asibiti suka iso, sun ce kada ya cire hannun. Haka aka ɗora su a gado ɗaya, Marcel na durƙushe a kansa, aka gungura su waje. Minti goma sha takwas ya yi yana danne da jijiyar nan har ɗakin tiyata.

Da likita ya ce, "Yauwa, saki, mun karɓa," Marcel ya saki. Ya yunƙura zai sauka, sai ya zube ƙasa. A nan aka gano tun da ya faɗi a fili hannunsa na hagu ba ya aiki. Ƙarfen wuyansa ya goce. Da hannu ɗaya ya yi duk abin da muka gani.

Ranar, tiyata biyu aka yi a ɗakuna biyu masu kallon juna.

Ba a ƙarasa wasan ba sai ranar Talata. Ba koci, ba Darcy, aka ci mu, aka fitar da mu. Ba wanda ya yi zancen wannan kayen a gari.

Likita ya gaya wa Colleen cewa da an ƙara minti biyu ba a danne ba, da gawa za a kawo masa. Ƙafar ta tsira, amma Darcy ya gama wasa. Mista Pruden ya zo duba shi, ya zauna bakin gado yana jujjuya hularsa, ya ce, "Akwai abin da ba ka sani ba. A Janairu na gama shirin musanya ka da wani matashi. Marcel ya ce in ka tafi, shi ma ya tafi."

Darcy ya juya fuska bango.

Kwana tara bayan haka ya sa Colleen ta tura shi a keken marasa lafiya zuwa ɗakin Marcel. Odile na ganin sa ta miƙe ta fita, ko kallo bai ishe ta ba.

Marcel na kwance, an tallabe wuyansa. Darcy ya daɗe yana kallon hannun hagun da ke kan bargo. Da ƙyar ya ce, "Ba ka gane ni ne ba, ko? Jini kawai ka gani."

"Na gane ka sarai. Lambarka ƙatuwa ce a bayanka." Marcel ya ƙara da cewa, "Kuma bari in gaya maka gaskiya, sai da na tsaya. Zuciyata ta ce min, zauna abinka, kai mai lalura ne, ba wanda zai ga laifinka. Shekara ukun farko na yi ina fatan in ga ranar da za ka kwanta haka."

"To me ya tashe ka?"

"Na gan ka kana kallon rufi. Na san yadda rufin filin nan yake in mutum na kwance yana jiran wani ya zo."

Ƙaton nan da ake ce wa Tirela ya kifa kai a bakin gado yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Na ji usur ɗin ranar, Koci. Na ji shi sarai. Da gangan na yi. Ka yafe min."

"Na san ka ji," in ji Marcel. "Shekara shida nake jiran ka faɗa. Ka makara, amma na karɓa."

Da aka sallame shi, Darcy ya kira 'yan jarida da kansa, ya tsaya da sanduna biyu, ya maimaita maganar a gaban kowa. Mu da muka yi masa tafi a da, ba mu san inda za mu sa fuskarmu ba.

Marcel ya koma benci a bana. Yatsu biyu na hannun hagun sun dawo, uku ba su dawo ba, kuma an hana shi tuƙi. Darcy ne ke kai shi asibitin gashin ƙashi, sau uku a mako. Odile har yau ba ta yarda ya taka mata gida ba, kuma ba ta amsa gaisuwarsa. Shi ma bai taɓa yin ƙorafi ba. In ka bi ta layinsu ƙarfe bakwai na safe, komai tsananin sanyi, za ka ga motarsa a bakin titi, yana zaune a ciki yana jira.

Darasi: Kada ƙarfi da tafin jama'a su sa ka raina wanda ka cuta, domin ba ka san hannun da ranka zai faɗa ba. In ka yi laifi, nemi gafara tun da wuri, kada ka jira sai ka kwanta. Kai kuma da aka zalunta, jin zafi ba laifi ba ne, amma abin da ka yi a ranar da ramuwa ta zo hannunka shi ne ainihin kai. Ka tura wa wani wannan labarin, wataƙila akwai wanda ya daɗe yana jiran ya ji "ka yafe min" daga bakinsa.