Albasar Malam Mutari

Malam Mutari ɗan asalin Damagaram ne, amma ya fi shekara ashirin yana zaune a unguwar Yantala, yana koyar da ilimin noma a wata jami'a a Yamai. Kowa ya shaida masa sani. Abu ɗaya ne ya yi masa cikas: rowar ilimi. Darussansa suna cikin wasu manyan kaye, wato littattafan rubutu, guda shida da yake kullewa a ofis. In ya shiga aji sai ya karanta, ɗalibai su rubuta, wanda hannunsa bai da sauri ya yi asara.

Ana nan sai jami'ar ta fito da sabon tsari. Kowane malami zai ɗora darussansa a intanet kyauta, duk mai so ya karanta, ya kwafa, ko ma ya fassara. Aka damƙa aikin ga wata malama mai haƙuri, Madam Safiatou. Ta bi malamai ofis-ofis har ta zo kan Mutari.

"Malam, akwai ɗalibanmu da ke ɗinki da rana, akwai masu tuƙin taksi. Wasu daga can unguwar Kirkissoye suke tahowa, kafin su iso an gama darasi. Ka taimake su."

"Madam, shekara ashirin ina tara abin nan. Yanzu in zuba shi a hanya, kowane mai waya ya ɗauka ya ce nasa ne?"

"Sunanka zai kasance a kai."

"Sunana yana nan lafiya a inda yake."

Sau huɗu tana komawa. A na biyar, don ta ƙyale shi, ya zaro darasin da ya fi rainawa, shafi bakwai kan yadda ake ajiye albasa kada ta ruɓe, ya miƙa mata ko kallonta bai yi ba.

Shekara ta zagayo. Ɗalibai suka karkata ga malaman da darussansu ke cikin waya. Ajin Mutari da a da ake rasa wurin zama ya koma mutum goma sha ɗaya. Shugaban sashe ya kira shi, ya faɗa masa cikin ladabi cewa in baɗi haka ta kasance, za a rufe fannin. Mutari ya koma gida. Matarsa Ramatu ta ajiye masa tuwo, ya ci loma biyu ya ture.

Ranar wata Asabar da hantsi, yana zaune a ƙofar gida, sai ga wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya. Wata matashiya ta sauko tare da dattawa uku. Suka gaisa, ta durƙusa.

"Baba, kai ne Malam Mutari na albasa?"

Bai taɓa jin an kira shi haka ba. Ya ce shi ne.

"Sunana Nafissa, daga wajen Tawa. Na fara jami'a, mahaifina ya kwanta ciwo, na koma gida. Can na ga darasinka a intanet. Na mai da shi Hausa, na karanta a waya, na tura wa ƙungiyar manomanmu."

Ɗaya daga dattawan ya karɓe zancen. "Malam, da can rabin albasarmu ruɓewa take yi kafin damina. Bana muka gyara rumbuna yadda ka ce, muka bar ta ta sha iska. Sai ɗan abin da ba a rasa ba ya lalace. Ƙauye tara ne suka aiko mu."

Aka fara sauke buhunan albasar da suka kawo masa kyauta. Mutari ya tsaya yana kallo, kunya ta rufe shi, don shi kaɗai ya san da wace zuciya ya ba da shafukan nan.

Nafissa ta ɗan yi murmushi. "Sai dai, Baba, ka gafarce ni, akwai gyara. Ka ce a ɗaga rumbu kamu ɗaya daga ƙasa. A fadamarmu danshi ya fi haka, sai da muka yi biyu."

Da a aji ne wani ya faɗa masa haka, da ya kore shi. Yau dariya ce ta kama shi har da hawaye. Ya ce, "Ramatu, kawo biro. Yau ni ne ɗalibi."

Ramatu ta dafa wa baƙi shinkafa da kifi, ta yi ta aika albasa gida-gida har layin ya ɗauki ƙamshin suya.

Ranar Litinin da safe Mutari ya shiga ofishin Madam Safiatou rungume da kayen nan shida, ya dire su kan tebur. Ta dube su, ta dube shi.

"Duka, Malam?"

"Duka. Amma a darasin albasa ki rubuta sunan Nafissa kusa da nawa."

Da aka buɗe rajistar sabuwar shekara, ɗalibai ɗari biyu da ƴan kai suka zaɓi fanninsa, wasu a aji, wasu daga Maradi da Tawa ta waya. A cikin na Tawa har da Nafissa, wadda ta ci gaba da karatunta daga gida.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimin da aka kulle ba ya amfanar kowa, har mai shi. Malam Mutari ya ɓoye saninsa don ya tsare darajarsa, ya kusa rasa ta. Shafi bakwai da ya bayar ba da son ransa ba su suka ɗaga shi. In Allah ya ba ka sani, ka buɗe shi ga mutane, kuma in wanda bai kai ka ba ya gyara maka, ka karɓa da godiya.