Kurege a Cikin Duman Baba Zalɓe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe suke.

A bakin wani kogi mai tafiyar kasala, inda tururi ke kwanciya a kan ruwa har hantsi, akwai wani tsohon Zalɓe mai koyar da wasan mashi. Baba Zalɓe ba ya son surutu. A ƙafa ɗaya yake wuni, ido a lumshe, ka rantse barci yake, amma ko ƙuda ya gifta ya san da shi.

Sabon shiga ba ya taɓa mashi, karan dawa ake ba shi. A reshen ɓaure kuma an rataye wani ƙaton duma mai ɗan ƙaramin baki, an zuba masa gyaɗa. Sai a ɗaure maka ido, a tura duman, ya tafi kacau, ya dawo kacau, kai kuma ka bi shi da kunne ka kai suka. Doka ɗaya ce a wurin: gyaɗar nan ta ji ce, ba ta ci ba. Wanda ya taɓa ta, bakin Baba ne zai hukunta shi, bakin da ya fi mashi tsini.

Sai ga Kurege, wai ya zo koyo. Ni dai na san shi, tun daga tudu ya jiyo kacau yawunsa ya tsinke. Ya karɓi kara ya shiga layi kusa da Tunku, babban ɗalibin Baba. Kauce hagu, kauce dama, sunkuya. Kauce hagu, kauce dama, sunkuya. Jikinsa na yi, idonsa na kan duma.

Da rana ta take kowa ya nemi inuwa, sai Kurege ya bi igiya ya zurma cikin duman, wai ɗaya kawai zai ɗanɗana. Gobe ma ɗaya kawai. Jibi ma haka. Ran nan ya laluba ya ji saura ɓawo, ya yunƙura zai fita, tumbi ya ce bai san zancen ba.

Da safe Baba ya tambayi ina Kurege, Tunku ya ce ai dama raggo ne. Aka tura duma. Kurege ya tara ɓawo yana kaɗawa da haƙora, kacau, kacau, ba wanda ya gane. Kai, lilon nan da daɗi! Ta bakin duman yana hango gajimare na tafiya kamar auduga, ganyen ɓaure ya zo ya wuce, hasken kogi na rawa a kansa. Ya yi mafarkin ya yi fiffike, ya yi mafarkin ana ruwan gyaɗa. Har ya fara jin tausayin masu tafiya a ƙasa.

Yana cikin wannan daɗi ya ji Baba na cewa yau a ajiye kara, Tunku ya isa riƙe mashin gaske.

Barci ya watse. In ya yi kacau, mashi ya same shi. In ya yi shiru, Baba ya leƙa ya ga ɓarawo. Tsoro ya kama shi har wutsiya, amma wayo bai gudu ba. Sai ya riƙa yin kacau in duma ya yi nisa, in ya zo wucewa ya yi tsit. Tunku ya soki iska, ya sake sukar iska, har mashin ya kuɓuce ya faɗa kogi.

Baba ya tako, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya lumshe ido. Kurege ya yi dabararsa, ashe tsohon ba kacau yake saurare ba, kukan igiya a jikin reshe yake bi. Baki ya huda duma, Kurege ya kauce hagu, aka karce shi a dama. Baki ya sake shigowa, ya kauce dama, aka karce shi a hagu. Na ƙarshe ya sunkuya, bakin ya wuce ta kansa ya ɓulla ɗaya gefen, ya maƙale ƙam. Baba ya ja, ya ja, ko motsi.

Kurege ya leƙo ta huda ya ce, "Baba, barka da hantsi. Haƙorana za su iya fid da kai. In ka yafe mini gyaɗar nan, ɗaga ƙafa ɗaya in gani."

To, ku da kanku kun san yadda Baba yake tsaye.

Kurege ya ce, "Tunku, ka zama shaida, ya yafe."

Ya gwaguye duman har ya dare biyu. Baba ya zare bakinsa, ya daɗe yana kallon Kurege, haushi da dariya na kokawa a ransa. Can ya ce, "Duk ɗalibaina ba wanda ya iya kaucewa kamarka, ɗan nema. Ɓace mini kafin in sauke ƙafar nan."

Kurege bai tsaya sallama ba. Har yau in kun gan shi za ku ga farin zane a haƙarƙarinsa, dama da hagu. In kuma ya zo shan ruwa, ƙafar Zalɓe yake fara dubawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Darasin kuwa shi ne, in za ka ci gyaɗar malaminka, ka fara auna ƙofa da tumbinka.