Haladu Biyu, Gurbi Ɗaya

An yi wani mutum a wani gari, Malam Jibo, ƙaramin ma'aikaci a wani babban kamfanin shinkafa. Aikinsa shigar da takardun masu neman aiki a kwamfuta. Masu kamfanin sun gaji da "ɗan wane ne", sai suka kawo manhaja mai ƙirƙirarriyar basira. Ita ke duba takardu da jarrabawa, ta jera mutane bisa cancanta.

To, ku saurara. Jibo yana da wa, Alhaji Nadabo. Tun suna yara komai na Nadabo ne: shi aka kai makarantar kwana, shi ya fara mota, shi ake wa shimfiɗa a gaba ranar suna. Jibo na gaishe shi da fara'a, zuciyarsa na tafasa.

Kowannensu ya sa wa ɗansa sunan mahaifinsu, Haladu. A makaranta aka ƙara wa yaran sunan ƙauyensu. Ranar haihuwa kuwa, da yake ba wanda ya rubuta, aka sa wa kowanne ɗaya ga Janairu, kamar rabin mutanen garin.

Gurbi ɗaya ya buɗe a kamfanin, Haladun duka biyu suka nema. Manhaja ta ga suna ɗaya, ƙauye ɗaya, rana ɗaya, ta ɗauka mutum guda ne ya cike sau biyu, ta jefar da ɗaya. Takardar ɗan Nadabo ta jefar, alhali ya fi maki. Ɗan Jibo ya hau sama. Jibo kaɗai ya gani.

Ya gaya wa matarsa Lantana. Ta ce, "Malam, kai ka goge?"

"A'a."

"To ina ruwanka? Sau ɗaya dai a yi guɗa a gidan nan, su ma su ji yadda muke ji!"

Wallahi jama'a, maganar ta yi masa daɗi. Kwana biyu yana hango fuskar Yaya in labari ya iso. Ku ji fa: ba aikin ɗansa yake hangowa ba, fuskar Yaya! Da ya gane haka sai tsoro ya kama shi.

Ya tafi wurin manaja. "Ranka ya daɗe, Haladun nan biyu ne. A dawo da ɗayan."

"Na saman ba ɗanka ba ne?"

"Nawa ne. Wancan ya fi shi."

Aka gyara, aka kuma gano wasu mutum goma sha ɗaya da aka jefar haka. Ɗan Nadabo ya samu aikin. Nadabo ya yanka rago, yana ta cewa, "Jinina ne, ko inji ya shaida!" Jibo ya je, ya zauna a baya, ya ci nama da ƙyar.

'Yan'uwa, inji na iya jera takardu, amma mai hassada in ya yi shiru ya gama zalunci bai taɓa komai ba. Hassadar ba ta bar Jibo ba, shi ne ya ƙi yi mata aiki. Kowa a nan yana da wanda ci gabansa ke ƙona shi. Ranar da hakkinsa ya faɗo hannunka, ba mai gani, ka buɗe baki. Allah Ya ba mu iko.