Jitar Sarkin Kasuwa

Sarkin kasuwa ya gaji da ganin tsohuwar jitar da ɗansa ya bari, sai ya sa aka kirawo Tanimu makaɗi.

"Ka saye ta yau, ko ka tashi daga rumfata. Kuma ban yarda ka kaɗa ba, kada ka tsinka min tsirkiya. Kowa ya ce muryarta kamar zuma."

Tanimu ya hango inda aka liƙe tsagewar wuyan jitar da gam. Ya fita, ya dawo da wani ƙullin tsumma.

"Ga kuɗin, ranka ya daɗe, sai dai ba a kwancewa."

Sarki ya kai ƙullin kunne zai kaɗa.

"Ai yau an hana kaɗawa, ranka ya daɗe. Kowa ya ce kuɗi ne."

"Zancen mutane zan ci?"

"Ni ma shi aka ce in saya."

Sarki ya turo masa jitar. Tanimu ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta yi kukan kwaɗo mai mura. Ya ɗauke ƙullin tsakuwarsa ya russuna.

"Yanzu kam na ji ta, ranka ya daɗe. Ɗazu jita-jita na ji."