Saniyar Alhaji Na'iya

Ku yaran yanzu, duk abin da kuka gani a waya sai ku haɗiye. To, ku saurara.

Alhaji Na'iya ya kai Tambai mai manja gaban alƙali.

"Na ba ta takardar naira ɗari biyar, tana karɓa na hango jan tabo a jikin takardar. Yarana sun ce sun gani a waya, kuskuren bugawa ne, darajarta ta kai saniya. Ta dawo da ita, ko ta biya saniya."

Tambai ta zazzage lalitarta. Kowace takarda da jan tabo.

"Allah ya gafarta malam, ashe garke nake yawo da shi! Alhaji ya ɗauki tasa. Sauran ya saya, kowacce a kuɗin akuya, na yi masa ragi."

Alhaji ya shinshina ɗaya. "Wannan ai manja ne!"

"To taka fa, Alhaji, turare ce?"

Alƙali ya sa ya biya ta cinikin yinin da ya ɓata mata, har da kuɗin mota.