Ni Ce A Cikin Yadin Nan

Auta ce kaɗai a cikin 'ya'yan Mai Hoto ta gaji kyamara. Allah ya ba ta ido, ya ba ta hannu. Tana iya ɗaukar tsohon hoto ta saka a kwamfuta, ta yanke, ta ƙara duhu, ta fito da abin da zai sa mutum ya tsaya ya kasa wucewa. Sai dai tana da hali guda: ba ta tambaya. A ganinta, duk wanda ya yi karatu irin nata kallo ɗaya ya ishe shi ya san abin da hoto yake faɗi.

Mahaifinta ya shekara arba'in yana ɗaukar hotunan garin: ma'aikata a bakin masaƙa, mata a layin famfo, direbobi a tasha. Bai taɓa rubuta komai a bayan hoto ba, duk a kansa yake riƙe da su. Yanzu ya tsufa, idonsa ya dushe, yana kwance a ƙaramin ɗakin da ke bayan shagonsa, akwatunan fim jere a ƙarƙashin gado har saman durowa.

Da shugabar ɗakin baje kolin hotuna ta nemi Auta ta haɗa tsofaffin hotunan mahaifinta da sababbin ayyukanta a nuna wa jama'a, sai ta zo da mota ta kwashi akwati shida.

"Zauna mana, Auta," in ji tsohon. "Ki riƙa ɗagowa ɗaya-ɗaya kina gaya mini abin da kike gani, ni kuma in gaya miki ko su waye."

"Baba, kai in ka fara labarin mutum ɗaya sai ka kai ga kakan kakansa. Wata biyu kawai aka ba ni."

Ya yi dariya har da tari. "To a rage kakannin. Ki ba ni kwana uku."

"Zan dawo ranar Asabar."

Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Yayarta, wadda ke jinyar tsohon, ta kira ta ta ce kullum sai ya sa an gyara masa kujerar kusa da gado. Auta ta ce aiki ya sha mata kai. Ta zauna a ofis ta rubuta bayanin kowane hoto da kanta, yadda ranta ya ba ta.

Akwai hoto ɗaya da ya fi ɗaukar hankalinta. Wani mutum ne yake fitowa a guje daga ƙofar masaƙa, hayaƙi ya turnuƙe a bayansa, ya saɓo ƙaton bandirin yadi a kafaɗa. A can gefen hoton ta ga wani abu ya leƙo daga cikin yadin, fari-fari, ba a gane shi sosai. Ta ga yana ɓata mata tsari, sai ta yanke wajen. Ta ƙara wa fuskar mutumin duhu, ta rubuta a ƙasa: "Mai wawaso, ranar gobarar masaƙa." Shi aka buga a allon talla, shi jaridu suka ɗauka.

Ranar buɗewa ɗakin ya cika. Bango fari fes, kowane hoto a cikin gilashi da fitilarsa a sama. Yayarta ta turo tsohon a keken marasa lafiya, an saka masa rigarsa mai kyau. Mutane suna ta gaishe shi, yana murmushi yana juya kai wajen da murya ta fito.

Auta na tsaye tana amsa tambayoyin 'yan jarida sai ta lura da wata tsohuwa a gaban babban hoton gobarar. Hannayenta duk tabon ƙuna ne, fatar ta tattare. Tana riƙe da wata mata mai kimanin shekara arba'in, wadda ta toshe baki da gefen mayafi tana kuka ba sauti.

"Ke ce kika yi rubutun nan, 'yata?" in ji tsohuwar.

"Ni ce, Mama. Akwai matsala ne?"

"Ni ce a cikin yadin nan."

Auta ta juya ta dubi hoton.

"Wuta ta kama rigata," tsohuwar ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. "Mutumin nan ya naɗe ni a yadi ya kashe ta, ya saɓo ni ya fito da ni. Ya ajiye ni ya koma ciki, don akwai sauran mutane. Bai fito ba. Wannan 'yarsa ce, tana cikin uwarta ya rasu. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Jikata ta nuna mini hoton a jarida, ni ban iya karatu ba, na gane shi, na ce wa 'yarsa ta zo ta ga ubanta. Sai da muka tsaya nan ta karanta mini."

Daga baya aka ji muryar tsohon.

"Wane hoto ne? Na gobara? Ai ƙafar yarinyar tana nan a gefen dama. Saboda ƙafar na ɗauke shi. Me aka rubuta?"

Ya sake tambaya. Yaya ta sunkuya ta raɗa masa a kunne. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya miƙa hannu yana lalube har tsohuwar ta kama, ya ce, "Ku yafe mini. Da kyamarata aka yi masa wannan." Sannan ya ce a mai da shi gida.

Auta ta durƙusa a gaban matan biyu tana ba da haƙuri. 'Yar mamacin ta dube ta ta ce, "'Ya'yana sun ga jaridar. Maƙwabta sun gani. Za ki bi su gida-gida ne?" Suka fita.

Washegari shugabar ta rufe baje kolin, domin da aka bincika, bayanan hotuna da yawa ƙirƙira ce. An buga gyara a jarida, layi huɗu a shafin ciki.

Auta ta je gida da littafi da biro ta zauna a kujerar nan ta kusa da gado.

"Baba, na zo. Gaya mini duka, har kakannin."

"Kin zo, Auta?" Ya juyo da kai wajen muryarta. "Yau na gaji. Bari sai na ɗan ji ƙarfi."

Bai yi mata faɗa ba ko sau ɗaya, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ƙarfin bai dawo ba. Kwana tara tana zuwa, a ciki hotuna goma sha ɗaya kawai ya iya yi mata bayani, yana yi yana hutawa. A rana ta goma da hantsi ya cika.

Bayan an share makoki ta buɗe akwatunan ta ƙirga. Fim sama da dubu takwas. Ta shekara biyu tana yawo da hotuna a jaka, tana bin tsofaffin ma'aikata da direbobin da suka ajiye tuƙi, tana tambaya ko sun san wannan, ko sun san waccan. Wani ya ce kamar ya san fuskar, wani ya ce wanda zai sani ya rasu bara. Ba ta samu ko kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran suna nan a kan teburinta, maza da mata suna kallonta, ba mai iya cewa ga ko su waye.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mutumin da ke cikin hoto ba ya iya kare kansa, don haka amana ce a hannun wanda zai yi magana a madadinsa. Kada iliminka ya hana ka tambaya, kada kuma ka cike abin da ba ka sani ba da ƙirƙira, domin ƙarya ta layi ɗaya tana iya ɓata sunan mutumin kirki. Idan kana da tsoho a gida wanda ya san abin da ba ka sani ba, ka zauna ka saurare shi tun yana da ƙarfin faɗi.