Ramin Mutanen Dutsen Zambo

Ku matso ku ji wannan, in na gama ku raba mini gardama.

A garin Rafin Kuka an tashi ana gaya wa yara cewa mutanen Dutsen Zambo fari ne ya kore su, suka yi ƙaura. Tsohuwa ɗaya, Iya Tambai, ita kaɗai take cewa ƙarya ne. Ta ce 'yan dokan Bature ne suka hau dutsen suka harbe su don sun ƙi aikin tilas, uwarta kaɗai ta tsira tana yarinya. Shekara da shekaru ana ce mata taɓaɓɓiya.

Sai wata malamar jami'a mai tonon kayan tarihi, Dakta Hajara, ta zo da mutanenta suka haƙa tsohon barikin 'yan doka. Wata biyu ba su samu komai ba sai maɓallan riga da fasassun kwalabe. Har sun fara ɗaure kaya.

Nomau manomi ne, kakansa ne ya nuna wa 'yan doka hanyar hawa dutsen. A gonarsa akwai kusurwar da ubansa ya hana a sa mata fartanya, ya kuma gaya masa dalili. Ya je ya durƙusa gaban malamar, kansa a ƙasa. "Ranki ya daɗe, ba nan za ku tona ba. Ku biyo ni." Aka tona aka tarar da ƙasusuwa, har na goyo. Hukuma ta killace gonar, Nomau bai sake noma ta ba.

Amma manyan gari suka ce ai annoba ce, kwanson harsashin da aka gani kuwa na maharba ne. Barmo jikan Saje ne, wanda ya shugabanci 'yan dokan, gidansu da sunan Saje yake tinƙaho. Ya tone bindigar kakansa daga ƙarƙashin rumbu ya kai wa malamar. Aka gwada, tabon da take yi wa kwanso ya zo daidai da na ramin. 'Yan uwansa suka daina cin abinci da shi, ƙaninsa ya ce masa, "Yaya, ka tsiraita mu a kasuwa."

Duk da haka ba wanda ya san ko su wane ne a ramin, hukuma ta ce za ta kwashe su zuwa gidan tarihi. Hakama jikar tafintan Baturen ce. Kakanta ya rubuta sunayen matattun da ajami, ya ɗinke a fata kamar laya. Uwarta ta sa ta rantse ba za ta buɗe wa kowa ba. Hakama ta karya rantsuwar, ta tsaya a dandali ta karanta suna arba'in da uku. Da ta kai kan sunan kakar Iya Tambai, tsohuwar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Wannan takarda ce ta sa aka bar wa Iya gawarwakin mutanenta.

Ku lura, dukansu ukun sun san gaskiya tun ƙuruciya. Dukansu suna nan ana yi wa Iya dariya, ba wanda ya buɗe baki.

Ranar binnewa Iya Tambai ta ce a al'adarsu ɗan dangi ne ke shiga rami ya karɓi mamaci. "Ni ƙafata ba ta kai ni, ba ni kuma da kowa. Ɗaya daga cikin ukun nan ya shiga a madadina, daga yau ya zama jinina."

Nomau ya ce, "Iya, ni da na ci tuwon gonar nan?" Barmo ya dubi hannuwansa ya ja da baya. Hakama ta ce ta yi shekara talatin tana kwana da sunayen a ƙarƙashin matashinta, ba ta da idon da za ta dube su.

Rana tana ta yi, likkafani arba'in da uku a jere, Iya tana jira.

To, jama'a, da wanda ya nuna ramin, da wanda ya fito da bindigar, da wadda ta karanta sunayen, wane ne ya fi cancanta ya shiga?